Takardar Jikin Bango

An liƙa ta ran Litinin da gam ɗin faci,
kusa da kalandar mai sayar da taya.
Haladu akawu ya karanta mana da ƙarfi,
don rabinmu kwalta ta cinye mana ido.

Ta ce direba in ciwo ya kayar da shi
yana da kwana uku, ba za a taɓa albashinsa ba,
muddin ya kawo takardar likita
mai hatimi, kafin la'asar ɗin ranar.

Na yi dariya har ƙuguna ya amsa.
Shekara goma sha ɗaya ina kai mutane Shika,
in sauke su a bakin ƙofa in juya.
Na san layin yankar kati.
Yana farawa kafin assalatu,
mai lafiya ne kaɗai ke iya tsayuwarsa.

Jatau bai ce komai ba.
Ranar da zazzaɓi ya kama shi a Kwangila
ya haɗiyi ƙwaya biyu da ruwan leda,
ya ɗaura tawul a wuya, ya tayar.
Mutum goma sha takwas a bayansa,
kowa na latsa waya,
ba wanda ya ga yadda sitiyari ke rawa
tun daga PZ har Ƙofar Doka.

Sai batun hutu, a layi na bakwai:
kwana goma sha huɗu a shekara, da biya.
Ban da Sallah ƙarama, ban da babba,
ban da Kirsimeti,
ban da makon da ɗalibai ke dawowa Samaru
da akwatuna da buhunan garin kwaki.
Na ƙirga da yatsu, abin da ya rage
tsakiyar damina ne,
lokacin da ciyawa ke jirana a gonar Giwa.

Ita kuwa motar, in ta yi tari sau ɗaya
sai a kira bakanike daga Sabon Gari,
a kwantar da ita a inuwa, a sauya mata mai,
Alhaji da kansa ya zo dubiya.
Ban taɓa jin an tambaye ta hatimi ba.

Duk da haka na gwada.
Wata Laraba na ajiye makulli,
na ci layin Shika da ƙafafuna,
na kawo takardar, Haladu ya ɗaga ta a haske
kamar mai duba jabun kuɗi, sannan ya sa hannu.

Washegari hantsi ya same ni a kan tabarma.
Ashe akwai mai tallan awara da ke bi ta layinmu,
ashe rana na shigowa ɗakina ta taga.
Auta Talatu ta tsaya a bakin ƙofa
da takalmin makaranta ƙafa ɗaya,
ta daɗe tana kallona,
ta ce, Baba, yau motar ce ba lafiya?