Sifana Uku

Shagona na bakin kogin Soca,
ƙasan duwatsun Bovec, a Sloveniya,
inda ƙanƙara ba ta sakin ƙololuwa sai shekara ta raba.
Sunana Zdenka. Shekara talatin da ɗaya
hannuna na cikin giris, kunnena na kan kukan birki.

Ran Asabar Lovro ya shigo,
akanta ne daga babban birni.
Ya zaro sikeli mai ƙugiya, irin na masunta,
ya rataye kekena kamar ƙaton kifi,
idonsa kan lamba, ko keken bai duba ba:
"Kilo sha huɗu da rabi?
Wannan ai jaki ne aka ɗaura wa sirdi."

Na ce, sifirin gaba, sifirin baya,
kowanne da abin da yake ci.
Mai son ƙugunsa ya huta a kan saiwoyi
sai ya ɗauki ƙarfen da zai sha dukan a madadinsa.
Ya ce akwai na zaren kabon,
giram ɗari takwas ya rage.
Na ce na san shi, na kuma san farashinsa:
duk giram ɗin da suka cire, sun mayar da shi a kuɗi.

Ina da tagwaye a bayan shago,
uwa ɗaya uba ɗaya, har fenti,
kowanne da 'yar jakarsa a ciki.
Na naɗe sifana uku a tsumma,
na cusa wa ɗaya, na taɓa abin da na taɓa.
Na ce, "Hau zuwa bukkar makiyaya ka gangaro,
sau biyu, keke biyu,
ka dawo ka nuna min mara nauyi."

Na dafa gahawa.
Na liƙe tayar wata yarinya.
Rana ta ɗan karkata kan tsauni.

Ya dawo taɓo har gira,
yana dariya kamar ba shi ne mai lissafi ba,
ya dafa na biyu: "Wannan!
Hawa kamar ana tura ni,
gangara kuwa, duwatsu suka riƙa ba ni hanya."
Na zuge jakar.
Ƙwal. Ƙwal. Ƙwal.
Sifana uku a kan siminti.

Ya daɗe bai rufe baki ba.
Na ce, abin da ka ji ba nauyi ba ne, ɗana.
Iskar sifirin na rage daidai jikinka,
tayar baya ta bar tsalle, ta koma lasar ƙasa.
Ɗayan na bar shi da tauri kamar tabarya.
Ƙafa ba ta iya karatun lamba,
ita dai ta san inda aka ba ta sauƙi.

Kada ka ce na ce nauyi ƙarya ne.
Yana da gidansa:
a bakin taya, inda kowane juyi sai ka biya,
da inda itace ya faɗi ya tare hanya
ka saɓa keken a kafaɗa, numfashi na fita da fito.
Can kam ana tuna shi.
Amma ka fara tambaya ko birki na jin magana,
ko tsawon keken ya san tsawonka,
sannan, in da saura, ka tambayi sikeli.

Da yamma na rufe ƙofa,
na ɗaga ragowar tagwayen zuwa ƙugiyar bango.
Kafaɗar dama ta yi ƙara.
Ba kowa, sai na faɗa a fili:
giram ɗari takwas ɗin nan, da na samu, da na karɓa.
Shekara sittin da uku ba sa jin lacca.

Lovro ya tafi da mai nauyin.
Sikelinsa ya manta a kan teburi.
Har yau bai aiko ba;
da shi nake auna cuku ran Lahadi.