Ba Laifin Randa Ba Ne

Garejin Hamajam, bayan kasuwar Yalwa a Garwa.
Sa'adu ya turo motarsa, shi da yara huɗu,
gumi har ƙugu.
"Batir na uku ke nan tun ɗaukewar damina.
Duk jabu ne, wallahi."

Hamajam bai ajiye kofin shayinsa ba.
"Batir randa ce," in ji shi,
"ba ta haƙa rijiya.
Dinamo ke jan guga, fambel ne igiya.
In randa ta bushe, tambayi mai ɗebo ruwa."

Ya ɗora mita, inji a kashe:
sha ɗaya da rabi.
Aka tura, ta yi tari, ta kama.
Allura ko gezau.
Da lafiya, da ta haura zuwa sha huɗu.
Jar fitilar gaban direba ta daɗe tana faɗa,
shi kuwa ya liƙe mata baki da salatif.

Babban yatsa a kan fambel: a ɗaure yake.
Ya kankare farin gari mai kama da kanwa
daga kawunan batir.
Fis lafiya lau.
Sai ya kwance bayan dinamo,
ya zaro gawayi biyu da suka cinye,
ba su kai ƙwayar masara ba.

"Jaka biyu."

Sa'adu ya lissafa kuɗin batura a zuci,
ya haɗiye yawu.

Da magariba ya haye gadar Binuwai, fitilu tarwai.
Batura biyun da ya yar kuwa,
su ke juya wa Hamajam fanka har yau.