Mudun Baba

Shekara ashirin Baba na awon gero
a kasuwar Sabon Gari,
da mudun da ya bubbuge wa gindi
don ya rage tafi guda.
Mu muka ci wannan tafin,
da shi muka yi makaranta.

Wata Lahadi a Wusasa
ya fito daga majami'a bai gaisa da kowa ba.
Da dare muka ji guduma a bayan ɗaki,
ƙwal, ƙwal,
yana mayar wa mudu zurfinsa.

Washegari ya ɗora buhu a keke,
gida gida, har Tudun Wada.
Wasu suka zage shi, wasu suka rufe ƙofa.
Gwauruwa Lai'atu ta ce,
"Barnaba, tun tuni na sani.
Wanda ya yafe mini a kan gicciye
bai auna mini da mudu ba.
Shigo ka sha ruwa."

Da muka binne shi daura da Kufena
bai bar gona ba, bai bar fili ba.
Mudun ne ya zo hannuna,
duk jikinsa tabon guduma.
Da shi nake awo yau.
In na cika, sai in ƙara tafi.