Buhu-Buhu

Shekara ashirin da biyu na yi ina ɗinka muryoyi
a ɗakin wayar Gombe, fanka na kuka a kaina.
Ka ce Bajoga, in soka maka Bajoga.
Ka ce Kaltungo, in ce dakata, da mutum a kai.
Layi ɗaya, baki biyu.
Ko shiru suka yi suna haɗiyar yawu, layin nasu ne,
kamar wanda ya yi shatar babbar mota
ya ɗora mata tabarma guda.

Jiya Dijatu ta dawo daga jami'a da takardunta,
ta zauna gefena tana ɓare gyaɗa.
Ta ce, Kaka, tun kafin ka iya soka waya
wasu sun fara shawarar yadda za a yi babu kai.

Lokacin manyan ƙasashe biyu
na kwana da makami ƙarƙashin matashi.
Masu yi wa soja tunani suka ce:
in wuta ta faɗa kan cibiya, wa zai ji wa?
Masana kuwa damuwarsu daban,
kwamfuta ta cika ɗaki, ga tsada, ga ƙaranci,
so suke su sa hannu a akushi ɗaya daga nesa.
A Amurka aka yi tunanin, a Ingila ma aka yi,
ba wanda ya leƙa allon wani:
a yanka saƙo.

Na ce, yanka?
Ta ce, tuna masarar Alhaji Manu a Tudun Hatsi.
Ba ya jiran tirela.
Buhu-buhu, kowanne da lamba a wuya
da sunan garin da za shi.
Na bakwai ya bi ta Dukku,
na uku ya zaga ta Alkaleri don an ce gaba ta cushe,
na ɗaya ya iso Kano bayan na tara.
A kowace tasha akwai ɗan kamasho na ƙarfe,
ba ya barci, ba ya shan shayi.
Ya karɓa, ya duba ɗinki, ya miƙa wa maƙwabci,
ba ya sakin nasa sai an ce masa, ya iso.
Kullum suna raɗa wa juna labarin hanya.
Can ƙarshe a jera, a ƙirga.
Babu na biyar? A sake aiko na biyar kawai.

Tasha huɗu suka fara da ita, a sittin da tara.
Saƙon farko, harafi biyu ya wuce,
na'urar ta suma.
Na yi dariya har na ƙware.
Ashe su ma sun san dakata.

Daga huɗu sai goma sha, sai ta haye teku,
ta hau rediyo, ta hau tauraron ɗan'adam.
A tamanin da uku aka sa kowa yare guda,
soja suka ja zarensu gefe suka kewaye,
sauran ya yi ta yaɗo kamar kabewa
har ya shigo aljihun jikata.

Ban gaya mata ba,
amma wata damina turke ya faɗi wajen Kumo.
Kwana uku Malam Yila yana zuwa da hularsa a hannu,
yana so ƙanensa na Jos ya ji uwarsu ta cika.
Ina soka waya, ina zarewa,
ina sokawa.
Hanya ɗaya gare ni, ita ce a ƙasa cikin taɓo.
Aka binne ta, ƙanen bai ji ba.

Da magariba wayar Dijatu ta yi ƙara,
uwarta ce daga Fatakwal.
Ta kara mini a kunne.
Na san yanzu muryar nan a yanke ta taho,
wani ɓari ta nan, wani Allah kaɗai ya san ta ina.
Na kasa kunne ina neman wurin ɗinkin.
Ban ji ba.
Sai dai, Baba, ya ƙafar?
Da yatsuna biyu a kan gwiwa,
suna lalube, suna neman rami.