Sau Uku

A gidan rainon yara na Footscray,
inda jirgin ƙasa ke karkaɗa gilashin taga,
Malama Quyen ce mai ɗaure igiyar takalma.
Yara goma sha bakwai. Ta san wanda madara ke ɓata wa ciki,
ta san wanda sai an shafa bayansa sau uku
kafin barci ya sace shi.

Ran Talata uban Lachlan ya tsaya a ƙofa,
laimarsa na ɗiga.
Bai dube ta ba, ni ya duba:
"Babu wadda Turancinta ya nuna ne a nan?
Kada yaro ya kwaso mini wannan baki."
Na yi murmushi, na karɓi jakar yaron.
Murmushin nan har yau yana maƙale a haƙorina.

Wai yaro bai san wuta ba sai ya taka.
Ina! Tun daga nesa yake jin ƙauri.

Kafin Juma'a Lachlan ya koyi jan gefen idanunsa da yatsu,
'yan'uwa na dariya, shi ma yana yi.
Da rana kuma ya jiƙa shimfiɗa,
abin da ya bari tun bara.
Ya farka yana kiran sunanta,
ta zo, ya ture hannunta.
Wa zai bi? Uban da ya haife shi
ko hannun da ke share masa majina?

Haeun, 'yar mitsitsiya,
ta daina buɗe kwanon abincinta.
Shinkafa da ganyen teku su koma gida yadda suka zo.
A wurin wanke hannu ta ja rigata:
"Ni ma bakina ba shi da kyau?"

Quyen ta rage murya.
Waƙar kwalekwalen da kakarta ta koya mata a bakin Mekong
ta daina fita lokacin barci.
Ɗakin ya yi shiru irin na asibiti.
Wata biyu, ta ajiye makulli a kan tebur.
An ce tana jera kaya a wani kantin magani.

Sabuwar malama ta zo, Turanci tsaf,
ba ta san sau uku ba ne.
Lachlan na kwance ido biyu,
fuska a bango,
yana ƙirga yatsunsa, một, hai, ba,
can ƙasa-ƙasa,
kada wani ya ji.