Kunnen Baba Hamajoda

Shekara biyar na yi a Marwa ina zana injin a takarda,
ban taɓa jin ɗuminsa a tafin hannuna ba.
Farfelar da na sani ba ta tsatsa.
Bututuna layi biyu ne da na ja da fensir,
ruwan cikinsa 'yar kibiya ce
mai bin duk inda na nuna mata.

Ranar Litinin mota ta sauke ni a Yagwa, bakin Logon,
takardar shaida a leda, takalmi na sheƙi.
Famfo na uku ya kwana tara bai yi tari ba.
Shinkafa ta fara jan baki a fadama.
Manoma na zaune kan gaɓa, babu mai cewa uffan,
ido kawai suka zuba wa farar hular kwanon da aka ba ni.

Na buɗe littafi.
Ya ce a duba ma'aunin ƙarfin ruwa.
Allurarsa ta mutu tun ina goye.
Ya ce a sauya robar da irinta, lamba kaza.
Mai shago ya yi dariya har ya riƙe ciki:
sai Duwala, wata biyu, in an taki sa'a.

Sai ga Baba Hamajoda yana jan silifa,
bai taɓa zama kan bencin aji ba,
babban yatsansa na hagu babu farce.
Ya ce a tayar. Aka tayar.
Ya dafa bakin sukundireba a haƙarƙarin ƙarfen,
ya kai ƙotar kunnensa, ya lumshe ido
kamar ungozoma a kan cikin wata tara.
Ya ce, iska take haɗiya.

Miƙo sifana sha bakwai.
Na miƙa sha tara.
Wani yaro mai tallan rake ya kau da kai don kar in ga haƙoransa.

Daga tsohuwar tayar babur ya yanko zobe,
ya gwada da ido, ya rage da reza, ya shafa baƙin mai.
Kafin la'asar ruwa ya yi gyatsa a bakin bututu,
ya fito ja, sannan ya washe.
Manoma suka bi shi da gudu,
ni kuwa na tsaya riƙe da littafi kamar mai gadin takalma.

Daren nan ban runtsa ba.
Na ga tarin matattun farfeloli a bayan rumbu,
kowace da ƙananan ramuka kamar zanzana.
Na auna daga fuskar kogi zuwa gindin famfo,
na jawo lissafin da na haddace don jarrabawa kawai.
Ashe idan rani ya janye Logon
famfon zuƙa yake daga nesan da ya fi ƙarfin huhunsa.
Haka kowace shekara, kuma ba wanda ya tambaya.

Da safe na kai masa takardar.
Ya riƙe ta a juye, ya daɗe yana kallo.
Ya ce, kukanta na sani, ban san mai dukanta ba.
A sauke ta da nawa?
Na ce kamu uku.
Ya tofa yawu a hannu, ya miƙo mini diga.

Malamaina na Marwa, ban zo mayar da takardarku ba,
ta yi mini rana.
Amma ku nemi mataccen famfo guda,
da lakarsa, da kusar da ta ƙi kwancewa,
ku ajiye a tsakiyar aji, kusa da allo.

Yanzu ƙasan farcena baƙi ne, sabulu ya sallama.
Kullum ina kara sukundireba a kunne,
ƙugi kawai nake ji.
Baba ya ce kar in damu,
shi ma sai da ya yi damina huɗu yana jin ƙugi.