Ƙasusuwa Ashirin da Bakwai

Ƙarfe biyar na asuba a El Alto,
ruwa ya daskare a bakin famfo.
Na hura wa yatsuna iska, na saɓi jaka,
na bar Inna tana ɗaure buhun dankali
da igiyar da ta girme ni.

Motar igiya ta kwashe mu, mu takwas,
ta rataye mu a sama kamar shanya.
La Paz na can ƙasa cikin kwarinta,
fitilunta ba su gama mutuwa ba.
Ba wanda ya leƙa.
Kowa ya kifa kai a kan takarda,
leɓe na motsi, sauti babu,
sai ka ce masu jan carbi.

Saura kwana shida.

A laburare kujera ta fi zinariya tsada.
Eusebio a kan tasa ya kwana,
ga shatin wayar littafi a kumatunsa.
Nayra ta rubuta jijiyoyin wuya
a bayan tikiti, a tafin hannu,
har a kofin da ta sha shayin koka.
Mai fotokwafi na bakin ƙofa ya yi sabon takalmi,
kakarsa ta yanke saƙa.

Ƙwarangwal ɗaya gare mu, mu ɗari biyu,
mun raɗa masa Don Anselmo.
Hannunsa na hagu ya ɓata tun bara,
na dama kuwa layi ake bi.
Ranar da layi ya zo kaina
mai gadi ya kaɗa makullai.

Dakta Ticona ba ya dariya.
An ce tambayarsa guda ce duk shekara,
sai dai ba a taɓa samun mutum biyu
da suka yarda a kan wace ce ba.

Saura kwana biyu.
Kaina ya zama tulun da ya cika,
ana ɗurawa, yana zuba ta gefe.
Na zauna gaban risho da dare,
na buɗe shafin hannu, na rufe,
na buɗe, sunayen suka watse
kamar kaji sun ga inuwar shaho.

Inna ba ta karatu.
Ta dube ni, ta dubi zanen,
ta goge hannunta a siket,
ta ɗora a kan littafin, ta rufe hoton ruf.
"Ga na gaske," ta ce. "Wara, ƙirga."

Na kama. Sanyi ya farfasa fatar,
ƙasar dankali ta tare a ƙarƙashin farce.
Takwas a wuyan hannu, sahu biyu.
Ina bin su da babban yatsa,
ina kiran sunansu da Latinanci,
tana maimaitawa a karkace,
tana dariya har malafarta ta zame.
Biyar a tafi. Sha huɗu a yatsu.
A yatsan tsakiya na ji wani ƙulli,
ƙashi ya haɗe ba bisa hanya ba.
"Ƙofar babbar mota ce," in ji ta, "kina goye.
Ban je asibiti ba, ranar kasuwa ce."

Shekara ashirin da ɗaya
hannun nan yana miƙo mini abinci,
ban sani ba.

Muka sake daga farko. Sau tara.
Risho ya mutu, ba mu tashi ba.

Ranar jarrabawa dutsen Illimani ya fito fes,
fari tas, ba shi da abin haddacewa.
Dakta Ticona ya raba takardu.
Tambaya ta farko: ƙashin ƙafa.
Ta biyu: ƙashin ƙafa.
Hannu bai leƙo ba ko sau ɗaya.

Na rubuta abin da ya samu.

Da yamma igiya ta mayar da ni sama,
na zarce kasuwa, ban biya gida ba.
Tana auna wa wata mata dankali.
"Yaya?" ta ce, idonta na kan sikeli.
Na ce, "Inna, da ƙafa kika miƙo."
Ta ƙyalƙyale har awon ya zube.

Na kama yatsan nan mai ƙulli,
na riƙe, ban saki ba,
har matar ta gaji da jira
ta ƙirga canjinta da kanta.